Masu Jiran Baƙi a Gaɓar Norfolk

Jirgin ƙasan da ke tashi daga tashar Liverpool Street a Landan yakan sauke mutum a birnin Norwich kafin awa biyu ta cika. Daga nan sai a hau wani ƙarami da ke ratsa gonaki da fadamu zuwa Sheringham, garin masunta a bakin Tekun Arewa, sannan bas ta bi gaɓa da kai yamma har ƙauyen Cley. Hanyar da muka bi ke nan a ƙarshen watan Maris, ni da ɗan ƙanwata da ke karatun kimiyyar muhalli a Norwich. Shi ya tsara tafiyar. Ya ce, "Kawu, gidajen tarihi da kantuna ba za su gudu ba. Amma abin da zan kai ka ka gani, idan makonnin nan suka wuce sai baɗi."

Dawowar tsuntsaye yake nufi. A watan da zafi ke tasowa a Kano da Damagaram, tafkuna suna ƙafewa, a Ingila hunturu ne ke sakin mutane. Yini yakan fara tsawo, kuma ranar Lahadin ƙarshe ta Maris a tura agogo gaba da awa ɗaya. Manyan itatuwa ba su yi ganye ba tukuna, amma wata ƙaya da ake shinge da ita ta yi fari fat da fure, 'yan raguna sabbin haihuwa suna ta tsalle a makiyaya. Sanyi kuwa yana nan, iskar teku tana ratsa rigar sanyi biyu. A wannan tsakanin ne tsuntsayen da suka ci rani a Afirka suke fara sauka, ɗai-ɗai da farko, daga baya garke-garke. Akwai dubban mutane a ƙasar da ba su da burin da ya wuce su ga na farko.

Fadamar Cley tana kwance tsakanin ƙauyen da teku, wani dogon tudun tsakuwa ya kare ta daga ruwan gishiri. A 1926 wani likita daga Norwich, Dokta Sydney Long, ya haɗa kai da abokansa suka saye ta, kimanin eka 400, da niyyar ta zama mafakar tsuntsaye har abada. Daga wannan ciniki aka samu ƙungiyar da yanzu ake kira Norfolk Wildlife Trust, wadda ke kula da wurin har yau. A ɗakin karɓar baƙi akwai allo kusa da ƙofa. Duk wanda ya dawo daga fadama yakan faɗi abin da ya gani, a rubuta sunan tsuntsun, da yawansa, da inda aka gan shi. Masu shigowa sukan tsaya gaban allon kafin su nemi shayi. Yawancinsu dattawa ne da suka ajiye aiki, miji da mata, kowa da madubin hangen nesa a wuya da fulas a jaka. Idan biyu suka haɗu a hanya, gaisuwarsu guda ce: "Da wani abu?" Amsar kuma ba ta wuce sunan tsuntsu da kwatancen wuri.

Mun bi wata ganuwar ƙasa da ta miƙe daga titi zuwa teku, kyauro a hagu, makiyaya a dama. A ƙarshenta muka tarar da wani dattijo ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku yana fuskantar shingen waya. Bai tambaye mu ko su wane ne mu ba, matsawa kawai ya yi gefe ya ce in leƙa, kada in taɓa na'urar. A kan wani turke wani ɗan tsuntsu ne a tsaye ƙiƙam, bai fi gwara girma sosai ba: baya ruwan toka, ƙirji ruwan madara, baƙin layi ya ratsa idonsa. Ya dinga risinawa yana kaɗa wutsiya, can ya tashi ƙasa-ƙasa, farin ƙugunsa ya haska. Duk wanda ya taɓa ratsa gonar gero bayan girbi a ƙasar Gumel ko Maradi ya san wannan tsuntsun. Shi ne mai tsayawa a kan kunya ko kututturen kara, ya bari ka matso, sannan ya yi gaba kaɗan ya sake tsayawa. Na gaya wa dattijon haka. Ya ɗago kai daga littafinsa ya tambaye ni a wane wata muke ganinsa. Na ce daga kaka har ƙarshen hunturu. Ya ce to ashe mun fi su daɗewa da shi.

Farin-ƙugun nan nauyinsa kimanin giram 25 ne, kuma yana cikin waɗanda ke fara isowa Ingila, tun makonnin farko na Maris. Danginsa sun bazu a arewacin duniya, amma kusan dukansu a Afirka kudu da Sahara suke cin rani. Masu bincike sun ɗaura wa waɗansu ƙananan na'urori a Alaska, suka gano cewa sukan ratsa Saibiriya da ƙasar Larabawa su sauka a gabashin Afirka, tafiyar kusan kilomita 14,500, sannan su koma. Na Girinlan da gabashin Kanada kuwa Tekun Atlantika suke ƙetarewa su gangaro Afirka ta Yamma. Wanda muka gani ya yi 'yan mintoci yana tsintar ƙwari, ya ɓace bayan tudun tsakuwa. Dattijon ya duba agogo ya rubuta.

A daidai lokacin da waɗannan ke sauka, wasu shirin tashi suke. A makiyayar da ke dama da mu akwai garken baƙaƙen dinyoyi suna kiwo suna gunaguni. Su Norfolk ce wurin cin raninsu, nan suke gudun sanyi, kuma nan da 'yan makonni za su kama hanyar arewacin Saibiriya inda suke ƙwai. Saboda haka allon ɗakin baƙi labari biyu yake bayarwa a ƙarshen Maris, na masu zuwa da na masu tafiya, kuma ma'abota wurin suna rubuta ranar ganin ƙarshe kamar yadda suke rubuta ranar ganin farko.

Cikin fadamar an gina bukkokin katako masu jinka, da benci a ciki da dogayen tagogi siri-siri da ake ɗagawa a hankali. A nan ake laɓewa. Ba a ɗaga murya, ba a miƙa hannu waje don nuni. Gabanmu wani tafki ne mara zurfi cike da fararen tsuntsaye masu zanen baƙi, dogayen ƙafafu, da siririn baki da ya lanƙwashe sama, 'yan'uwan ladin kogi. Suna tafe suna share ruwa da baki hagu da dama. Sama da kyauro wata irin shirwar fadama tana shawagi, namijin ya hau sama ya juyo yana tungurgutsa don burge matar. Wannan ma ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san Hadeja da rani. Sai wata tsohuwa da ke zaune a ƙarshen benci ta yi raɗa, kowa ya juya madubinsa wuri guda. Daga bakin ciyawa wani ƙaramin agwagwan ruwa ya fito, kansa ruwan ƙasa mai duhu, farar gira ta zagayo daga ido har ƙeya. Bukkar ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar kyamarori.

Ɗan ƙanwata ya matso kunnena. "Kawu, a duk Birtaniya waɗanda ke ƙwai a shekara ba su fi ma'aurata ɗari ko makamancin haka ba. Shi ya sa ka ga suna rawar jiki." Ni kuwa na san inda ake ganin mai farar girar nan dubbai, har su rufe ruwa: Nguru, da Dagona, da bakin Tafkin Chadi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, gauraye da kirinjijiya. A cikin agwagin Birtaniya shi kaɗai ne ke barin ƙasar ɗungurungum ya ƙetare Sahara. Yaron ya ƙara da cewa ba lalle ne wannan ya fito daga wajenmu ba. Tsuntsayen Ingila sun fi sauka a yammacin Sahel, bakin Kogin Senegal da fadamun Kogin Kwara a Mali. Na Hadeja da Chadi yawanci tsakiya da gabashin Turai da Rasha suke nufa. Amma ɗamarar ƙasa ɗaya ce, ruwan sama ɗaya ke ciyar da ita, kuma idan ya ƙi, tare yake ƙin su.

Washegari iska ta juya ta koma daga arewa, allo ya tsaya cik. Masu kallon tsuntsaye sun fi manoma bin hasashen yanayi a wannan lokaci, domin ɗan tsuntsu ba ya son ƙetare ruwa iska na dukan ƙirjinsa. Sai ya dakata a Faransa ko Sifen har ta lafa. Idan ta kaɗo daga kudu, wani lokaci har da jar ƙurar Sahara da ake wayar gari a gani a kan motoci, to a daren nan za su kwararo. Mun yi yinin a cikin wani kurmi bayan ƙauyen, inda wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai launin ganye, da bai kai giram 10 ba, yake ta nanata sauti biyu daga ƙolin itace. Cifcaf suke ce masa saboda kukan nasa. Ga mutanen nan jin sa shi ne shaidar cewa hunturu ya karye, ko da hannu na daskarewa a aljihu. Da yamma muka koma Sheringham muka ci soyayyen kifi da dankali a takarda, muna kare shi daga tsuntsayen teku masu ƙwace.

A hanyarmu ta komawa Norwich yaron ya dage sai mun ratse ta wani ƙauye, Stratton Strawless. Babu abin kallo a wurin sai tsohuwar coci da itatuwa. Amma a nan wani mai gonaki, Robert Marsham, ya fara wani aiki a 1736: duk shekara yakan rubuta ranar da ya ga alamomin shigowar bazararsu, guda 27. Ranar da itace kaza ya fid da ganye, ranar da kwaɗi suka fara kuka, ranar da ya ga bilbilo na farko, ranar da ya ji tsuntsun kuku. Ya yi ta yi har rasuwarsa a 1797, 'ya'ya da jikoki suka ɗora, ba a ajiye alƙalamin ba sai 1958. Sama da shekara 200 na ranaku daga ƙauye guda. Shi Marsham bai san amfanin da za a yi da su ba. Yau masu nazarin sauyin yanayi da su suke auna yadda lokuta suka gusa, kuma rubuce-rubucen da suka biyo baya sun nuna cewa bilbilo yanzu yana isa Birtaniya kusan mako biyu kafin lokacin da yake isa a shekarun 1960.

A zamanin Marsham, Turawa sun san ranar zuwa amma ba su san daga ina ba. Manyan masana, har da Linnaeus na Suwidin, sun yarda cewa bilbilo yakan nutse cikin taɓon tafki ya kwana hunturu. Abin da ya girgiza wannan zance ya faru ne a 1822 kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, inda aka harbo wata farar shamuwa ta Turai aka tarar da dogon mashi, kusan santimita 80, ya huda wuyanta ya tsaya. Da aka duba icen da ƙirar, sai aka ga na tsakiyar Afirka ne. Wani maharbi ya same ta, ba ta faɗi ba, ta tashi da makaminsa ta ƙetare hamada da teku. Tana nan a cushe a Jami'ar Rostock, da mashin a wuya. Bayan haka wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, ya ƙirƙiro sanya wa tsuntsu zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa a 1899. Birtaniya ta fara a 1909, kuma a Disambar 1912 aka kama bilbilo a Natal ta Afirka ta Kudu ɗauke da zoben da aka sa masa a Staffordshire shekara guda da rabi kafin nan. Irin zoben nan ne yaranmu masu danƙo kan tsinta a ƙafar tsuntsu a yi ta camfi a kai. Lamba ce kawai da adireshi, kuma akwai mai jiran labarinta.

Masu jiran suna garin Thetford, kudu maso yamma da Norwich, a hedikwatar British Trust for Ornithology, cikin wani tsohon gidan mata masu zaman ibada. Ƙungiyar ta kafu a 1933, kuma ƙarfinta 'yan sa-kai ne. Su ke sa wa tsuntsaye kusan miliyan ɗaya zobe a shekara, su ke zagaya gona ɗaya ko kurmi ɗaya duk bazara suna ƙirga masu waƙa. A nan na ji labarin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. A 1962 suka fara ƙidayar tsuntsayen gonaki da kurmi ta shekara-shekara. A bazarar 1969 masu ƙidaya suka fita kamar kullum, suka tarar shingaye sun yi shiru. Wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da babu shingen da ba ya waƙa a kai, ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a shekara guda. Sun tafi da yawansu a kakar 1968, ba su dawo ba.

Ruwa ba ya tsami banza. An bincika maganin ƙwari, an bincika cuta, an bincika guguwa a hanya, daga ƙarshe aka gano cewa daminar 1968 ce ta gaza a Sahel. Tsuntsayen sun ƙetare hamada sun tarar babu ƙwari babu 'ya'yan itace, waɗanda suka rayu kuma ba su tara ƙarfin komawa ba. Wannan shi ne somin farin da ya kai ƙololuwa a 1973, wanda dattawanmu har yau suke kwatance da shi, na shanu da suka zube a hanya da garuruwan da suka watse. Shekaru kafin hotunan yunwar su kai jaridun duniya, littattafan 'yan ƙauyen Ingila sun riga sun nuna cewa wani abu ya lalace kudu da Sahara. Farin 1984 ma haka ya bayyana a lissafinsu: yawan tsattsewar gaɓa ya zube. Daga baya bincike ya tabbatar cewa yawan wasu tsuntsayen kyauro da ke dawowa Birtaniya yana hawa yana sauka tare da ruwan saman Sahel na shekarar da ta gabata.

Dalilin yana cikin kitse. Sahara ta kai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000, kuma tsuntsu mai cin ƙwari ba shi da abin da zai ci a cikinta. Guzurinsa a jikinsa yake ɗauka. A Maris da Afrilun 1967 wata tawagar masana daga Birtaniya ta zauna a Malamfatori, bakin Tafkin Chadi, tana kama masu shirin tafiya tana aunawa. Sun ga yadda suke cika da kitse cikin 'yan makonni, wasu da ƙananan ƙwarin tafki, wasu da 'ya'yan itacen arak, wanda ake asuwaki da saiwarsa. Akwai masu kusan ninka nauyinsu. Abin lura shi ne lokacin wannan ɗaukar guzuri ya faɗo a ƙarshen rani, sa'ad da ƙasarmu ta fi bushewa. Masu bincike daga Holan da suka ƙirga tsuntsaye itace-itace a faɗin Sahel sun gano cewa baƙin nan suna da zaɓi: gawo, da aduwa da sauran ƙayoyi su ne masaukinsu, darbejiya da turare kuwa kusan babu mai sauka a kansu. Gawo ya fi kowa, domin shi da rani yake ganye. Ke nan manoman Maradi da Damagaram da suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon itatuwa a gona har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, sun yi wa tsuntsayen Turai hidimar da ba su sani ba. A ɗaya gefen kuma, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Hadeja da Nguru ta ragu, kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Masunci da manomin shinkafa da agwagwa mai farar gira duk abu guda suka rasa.

A Thetford ɗin dai suka fara ɗaura wa tsuntsun kuku 'yar na'ura mai magana da tauraron ɗan'adam a 2011. Wannan shi ne tsuntsun da ba ya sheƙa, sai ya saka ƙwansa a sheƙar wani ya bar masa reno. Turawa sun ɗauke shi ɗan gida, sun cika waƙoƙinsu da shi. Na'urar ta nuna cewa namijin kusan wata biyu kacal yake yi a Birtaniya. Wasu tun watan Yuni sun kama hanya, ko ta Italiya ko ta Sifen, kuma masu bin Sifen sun fi mutuwa. Da yawa sukan huta a yankin Chadi da arewacin Najeriya bayan hamada, su wuce dazukan Kwango, sannan a dawowa su zagayo ta Gana da Kodebuwa su jira ruwan farko ya fito musu da tsutsa. Lokacin da muke Thetford ba su iso ba, sai tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshensa. A taswirar da ƙungiyar ke wallafawa, ɗigoginsu suna Afirka ta Yamma tukuna.

Zangonmu na ƙarshe Minsmere ne, a gaɓar Suffolk, cikin kwanakin farko na Afrilu. Wurin yana hannun RSPB, ƙungiyar da mata suka kafa a 1889 don yaƙi da kashe tsuntsaye saboda gashin ado na huluna, wadda yanzu mambobinta sun haura miliyan. Makiyaya ce a da. A Yaƙin Duniya na Biyu aka sake mata ruwa don tare sojojin Jamus, kyauro ya mamaye, kuma a 1947 tsuntsun nan mai ɗagaggen baki ya dawo ya yi ƙwai bayan kusan shekara 100 ba ya yi a ƙasar. Shi ne tambarin ƙungiyar a yau. Muna idar da sallar asuba muka fita, gari bai gama wayewa ba, farar ƙubbar tashar nukiliya ta Sizewell tana hango mu daga kudu. Daga cikin kyauro wani sauti mai kauri ya taso, kamar an busa bakin babbar kwalba, ana jinsa a ƙirji kafin kunne. Wani zalɓe ne mai launin busasshiyar ciyawa, mai wuyar gani, wanda kukansa ke kai kilomita 5. A 1997 maza 11 kawai aka ji a duk Birtaniya. Aka gyara fadamu, aka haƙa sababbi, yanzu sun haura 200. Shirwar fadama ma a 1971 ma'aurata ɗaya suka rage a ƙasar, a nan Minsmere, ga shi yanzu mun rasa wadda za mu kalla.

Iska ta koma kudu a daren. Kusa da ɗakin shan shayi akwai wata gaɓar yashi mai ramuka, kuma da hantsi tsattsewar gaɓa sun cika ta, suna shiga suna fita suna yasar tsofaffin ramuka da ƙafa. A bakin mashigar ruwa, inda fadama ke zuba a teku, mutane sun taru suna murmushi: bilbilo guda, mai jan maƙogwaro da wutsiya mai reshe biyu, ya sauka a kan allon kwatance yana gyaran fiffike. Giram 20 ne, ya fito daga Afirka ta Kudu, tafiyar da ta kusa kilomita 10,000. Wata mata ta ciro waya ta kira wani tana gaya masa. Na tambayi wani ɗan sa-kai labarin kurciyar Turai, mai zanen wuya, wadda ke cin rani a Senegal da Mali. Ya ce ita sai ƙarshen wata, in ma ta zo. Ta ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 tun 1970. Bai ɗora wa Afirka laifin ba. Ya ce noman zamani na Ingila ne ya share ciyayin da take cin 'ya'yansu, ga maharban Faransa da Sifen a hanya. Da aka dakatar da harbinta na wasu shekaru a waɗannan ƙasashe daga 2021, yawanta ya fara ɗagowa a yammacin Turai.

Duk waɗannan alƙaluma daga hannun talakawan masu kallo suka fito, mutum da littafinsa da fensir, shekara bayan shekara. Amma rabin labari ne. Tsuntsun da aka san ranar isowarsa Cley da sa'ar da aka gan shi, watanninsa biyar ko shida a wajenmu kusan babu wanda ya rubuta su. An fara cike giɓin. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos tana horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da ta jagoranta ya samu matasan Arewa da ke yawo da waya suna shigar da abin da suka gani. Sai dai ƙasar da faɗi, masu yin kaɗan ne.

Kuma ba sai mun jira baƙin Turai ba, muna da namu. Shamuwa tana cin raninta a gabashi da kudancin Afirka, ta dawo mana gab da damina ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, ba mai taɓa ta. Kowane manomi ya san abin da zuwanta ke nufi, kamar yadda malamanmu suka daɗe suna lissafin taurarin damina. Sanin yana nan, rubutawar ce babu. Ganin shamuwa ba ya buƙatar madubin hangen nesa. Malamin firamare a Gumel, ko ladan a Tasawa, zai iya ware shafi guda ya riƙa sa ranar da ta sauka, da yawan sheƙunan da ta yi a garin, da ranar ruwan shuka. Na shekara ɗaya ba zai gaya wa kowa komai ba. Na shekara 30 zai nuna ko damina tana gusawa, da kwana nawa, kuma wannan tambaya ce da manomin gero ya fi kowane masani a Thetford buƙatar amsarta.